Keken Itacen Jego

Talata, 7 ga Mayu, 1996

Alhamdu lillahi. Ta sauka lafiya da hantsi, mace aka samu. Ina zaune a zaure Gwaggo Maimuna ungozoma ta leƙo ta ce, “Malam, ka yi amarya, sai ka gyara gemu.” Na miƙa mata goro. Da aka kawo mini jaririyar a cikin zane ta yamutsa fuska ta kau da kai. Na ce to, tun yau aka fara yi mini yanga.

Jikata ta fari, daga ’yata ta fari. Ita uwar ba na kama sunanta, ko a littafin nan ba zan rubuta shi ba. Amma wannan, da zarar an raɗa mata, sai na cika shafi guda da sunanta. Don irin wannan rana na zauna ajin yamma shekara uku da furfurata.

An fara wankan jego. Kwana arba’in, safe da yamma, rabin duro na ruwa sai ya tafasa. Itacen wanka kuwa kowa ya san a kan miji yake. Har yanzu ban ga ko tsinke daga wurin mijin nata, Sharhabilu mai walda, ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Ya aiko. Da bai aiko ba ya fi.

Mai amalanke ya sauke mini wata guntuwar gangar ƙarfe mai ƙafa uku a ƙofar gida, da buhu uku na garin katako. Garin katako! Sharar da kafintoci suke rasa inda za su zubar. Wai murhu ne, shi ya ƙera da hannunsa, wai a danna garin a ciki a bar rami a tsakiya a kunna, ya fi itace daɗewa. ’Yata ta haifa masa ’ya, ya rasa abin da zai dafa mata ruwa da shi sai shara.

Maƙwabcina Baffa Jaji yana kan benci yana kallo. Ya ce, “Malam, zamani ke nan, mu a lokacinmu da icen ƙirya ake wankan jego.” Ya yi irin dariyar nan tasa ta hanci. Kafin la’asar duk layinmu sun ji.

Na sa an tura gangar da buhunan bayan turken awaki. Adama, uwar gidana, ta ce, “Malam, a gwada mana.” Na ce a gwada a gidan ubansa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Itacen da muka tara ba zai wuce suna ba. Tun da Dutse ta zama hedikwata ma’aikata suka cika gari, ɗaurin itace ya koma kamar na asuwaki.

Asabar, 11 ga Mayu

Akwai busasshen marke da ya faɗi a gonata ta hanyar Kiyawa, shi kaɗai ya isa wankan mata biyu. Matsalar ɗauko shi ce. Tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa, kuma wuyana ya daina ɗaukar kaya.

Na sayar da ɗan akuya na karɓi wani tsohon keke a wurin Ɗan’inna mai gyaran keke, mafi araha a cikin waɗanda ya jingine. Ba kariya, ba ƙararrawa, feda ɗaya ƙarfe ne tsirara, birkin gaba ado ne kawai. Ɗan’inna ya ce, “Baba, wannan na zuwa masallaci ne fa, ba na dako ba.” Na ce ka bar ni da shi.

Na sassaƙa masa feda da guntun katako. Sirdin na naɗe shi da tsohon buhu. Na wanke sarƙar da kananzir na ɗiga mata baƙin mai. Abin da ya rage kariya ce babba ta rodi, da ƙugiya hagu da dama don jarkokin ruwa, da gindin tsayawa mai ƙafa biyu. Aikin walda ke nan. Ba shi kaɗai ne mai walda a Jigawa ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Wai saƙo. Ya gaya wa ƙanwarsa, ƙanwar ta gaya wa mai jego, mai jego ta gaya wa uwarta, uwar ta kawo mini ina cin tuwo. Wai ya hango keken a hannuna. Wai kada a ɗora waldar lantarki a jikinsa, bututun siriri ne, wuta za ta cinye shi. Wai a ɗaura kariyar da noti, ƙafafunta su sauka a kan ƙarfen tsakiyar taya, a kuma canza sifok masu kauri. Wai idan an yarda a aika masa keken ya yi.

Ta bakin mata uku zai koya mini aiki. Me ya hana shi ya zo ya faɗa a gabana? Da ya zo ya faɗa a gabana kuwa da na nuna masa ba a yi wa suruki haka.

Na ture kwanon na ce, “Wallahi tallahi hannun yaron nan ba zai taɓa keken nan ba.” Adama ta ce, “Malam, har da rantsuwa?” Na ce har da ita. Ta ɗauke kwanon.

Talata, 14 ga Mayu

Rukayya. Rukayya. Rukayya. Ni Zinariya zan riƙa ce mata.

An yi suna lafiya. Da aka shafa fatiha na kasa riƙe hawaye, na ce hayaƙi ne. Shi kuwa ya zo da abokansa, ya cire takalmi tun daga bakin lungu, ya durƙusa can nesa kansa a ƙasa. Na amsa gaisuwar a taƙaice. Ladabi a gwiwa, shara a buhu.

Alhamis, 16 ga Mayu

Wuni guda a wurin Uwaisu mai walda na bakin tasha, rabinsa jiran wuta ta dawo. Ya lanƙwasa rodin yadda na zana masa a ƙasa: faɗi kamu biyu, tsawo ya wuce tayar baya da taƙi guda, don itace ya kwanta sosai. Da ya zo haɗawa sai ya tsaya yana ƙwanƙwasa jikin keken da farce. Ya ce, “Baba, da da noti muka ɗaura. Bututun nan kamar gwangwanin madara yake.”

Nan na gane an riga ni zuwa, ko kuma duk bakinsu ɗaya. Na ce, “Kai ka saya ko ni? Liƙa shi a jiki, ƙarƙashin sirdi, ya zama abu ɗaya.” Ya ce, “To, Baba, kai ka ce.” Ya liƙa. Wurin ya yi baƙi, ya ɗan huje, ya sake cikewa. Na hau kan kariyar na zauna da dukkan nauyina, ko motsi. Noti! Abin da yake kwancewa a hanya.

Asabar, 18 ga Mayu

Na tafi bayan asuba, na dawo kafin rana ta take. Marke busasshe, tsayin kayan ya kai kafaɗata, na ɗaure da robar tsohon tib. Da gangan na biyo ta gaban bencin Baffa Jaji. Goronsa kawai ya ci gaba da tauna. Da yamma jarka huɗu daga famfon tuƙa-tuƙa, sawu biyu.

Wutar marke ta kama, ruwan har tsalle yake a duro. Ina jiyo Gwaggo tana fyaɗa ganyen darbejiya, mai jego tana kiran Allah. Haka ake wanka.

Na ɗauki Zinariya na nuna mata keken. Ta yi hamma.

Abu ɗaya: in kaya ya yi yawa kan keken yana ɗagawa sama, sai na kwanta a kansa. Zan ɗaura kwando a gaba na riƙa sa dutse.

Talata, 21 ga Mayu

Sifok biyu sun tsinke. Ɗan’inna ya sa wasu. Ya buɗe baki zai ce a sa masu kauri, na dube shi, ya rufe.

Juma’a, 24 ga Mayu

Uku kuma. Tayar baya ta fara rawa kamar mai jin kalangu. Akwai wata ’yar ƙara ƙarƙashin sirdi, ƙis ƙis, in na taka da ƙarfi. Ba komai ba ne.

An ce ya tambayi ƙanwarsa wai yaya keken Baba. Ina ruwansa.

Litinin, 27 ga Mayu

Da hannun hagu nake riƙe littafin, na daman ne kawai bai kumbura ba.

A gangaren bayan duwatsu, kaya cike. Na ji ƙas, sirdin ya tafi baya da ni, sai ga ni a ƙasa itace a kaina. Bututun ya rabu biyu daidai inda aka liƙa. Gwiwata ta daku, haƙarƙari ma. Wani Bafillace mai kora shanu ya janye mini itacen yana ta “Sannu Baffa, sannu Baffa.” Mai amalanken shanu ya kawo ni gida, ni da keken muna kwance tare.

Na aika a kwaso itacen, an tarar an riga an kwashe. Allah ya isa.

Yau kwana ashirin da ɗaya. Saura sha tara.

Laifin Uwaisu ne. Hannunsa ya yi nauyi.

Talata, 28 ga Mayu

An yi ruwan farko da asuba, ɗan abin da ya rage na itace ya jiƙe. Adama ta cire karan dangar awaki ta hura. Kara ba wuta ba ne, fuu ya tashi, fuu ya mutu. Ruwan ɗumi kawai ya yi.

Na sa an kai wa Ɗan’inna keken, ya ce ba aikinsa ba ne. An kai wa Uwaisu, ya aiko cewa in ya ƙara sa masa wuta sauran ma zai narke, sai dai waldar gas da jan ƙarfe, a zura wani bututu a ciki. Wai mai yin ta da kyau a garin nan mutum ɗaya ne, kuma wai na san shi. Munafuki.

Laraba, 29 ga Mayu

Gwaggo Maimuna ta same ni har ɗaki, ba ko sallamar kirki. Ta ce, “Malam, yarinyar nan jiya da rawar sanyi ta kwana, ƙafarta ta fara ɗagawa. Ɗanyen jiki ne. In sanyi ya shige ta ni ba ruwana, na faɗa maka.” Na ce gobe zan nemo itace. Ta ce, “Da wace ƙafar?”

Na aika wurin masu itace na bakin kasuwa, abin da aka samo jiƙaƙƙen darbejiya ne, hayaƙi ya cika gida har Zinariya tana tari. Tarin nan ya tsaya mini a rai.

Mai jego ta zo gaishe ni da rana, ta tsuguna a bakin ƙofa, fuskarta ta yi fari. Ba ta ce komai ba. Ba ta taɓa ce mini komai ba tun tana ƙarama. Da ma ta yi magana.

Duk shi ya jawo. Da ya kawo itace kamar kowane miji da ban hau keke ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ina kwance na ji ana jan ƙarfe a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Adama ce ta jawo gangar nan, ta kafa taɓarya a tsakiya, tana danna garin katako da ƙafa. Ta zare taɓaryar, ta sa wuta ta ƙasa. Ba ta tambaye ni ba. Ni ma na koma na kwanta, ban gani ba.

Ruwan ya tafasa. Bayan an sauke har ta ɗora wake a kan wutar, ya nuna, wutar ba ta mutu ba.

Warinsa ba daɗi.

Juma’a, 31 ga Mayu

Na dogara sanda na je masallaci. Bayan an watse na tsaya wurin Liman Malam Abdulƙadir na ce ina da tambaya, wani ne ya aiko ni. Mutum ya rantse wane ba zai taɓa kayansa ba, sai kuma kayan ya lalace, ba mai iya gyarawa sai wanen.

Ya ce, “Kayan nan, wani yana cutuwa da rashinsa?” Na ce wai akwai mai jego. Ya ce, “To rantsuwar da za ta hana mai jego ruwan zafi ba abin riƙewa ba ce. Ya karya, ya ciyar da miskinai goma. In ba shi da hali ya yi azumi uku.” Na ce zan gaya masa. Ya ce, “Ka gaya masa. Ka kuma ce ya riƙa gasa gwiwar tasa da ruwan ɗumi.”

Malamai ma yanzu sun koyi tsegumi.

Asabar, 1 ga Yuni

Buhu ɗaya ya ƙare, an buɗe na biyu. Adama ta ce na ukun ruwa ya taɓa shi. Ko itace ko garin, dole wani ya ɗauko, kuma ba a ka ba.

Ƙafar mai jego ta saɓe kaɗan. Gwaggo ta ce kada a kuskura a sake fashi ko na rana ɗaya.

Litinin, 3 ga Yuni

Na ja keken da kaina, rabi a hannu rabi a ƙasa. Niyyata in kai wa wani a Kiyawa, sai dai hanyar tasha ta gaban shagonsa ta bi, gwiwata kuma ta gaji daidai wurin.

Yana ganina ya kashe wuta, ya zame takalmi, ya durƙusa, baƙin gilashin yana goshinsa. “Barka da hantsi, Baba. Ya jiki?” Na ce da sauƙi. Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon titi. Sai maƙwabcinsa Isah kafinta ya fito yana karkaɗe riga, ya kawo mini kujera.

Na ce, “Isah, ka tambayi masu wurin nan ko suna gyaran irin wannan.”

Isah ya juya ya ce, “Sharhabilu, wai kuna gyaran irin wannan?”

Ya matso da gwiwa, ya tsaya bai taɓa ba. Ashe labarin rantsuwar ma ya bi ta bakin matan ya isa. Ya ce, “Isah, ka ce wa Baba ko an yarda in duba.”

Na ce, “Ka ce masa ba kallo na kawo a yi ba.”

Ya sa hannu. Na ji abin har cikin haƙarƙarina. Ya shafa wurin karayar, ya juya tayar, ya daɗe. Ya ce, “Isah, ka ce wa Baba wanda ya zana kariyar nan ya san kaya. Faɗinta daidai ne. Tsawon ne kawai za a rage, a dawo da nauyin kan taya.”

Na ce, “Ka ce masa na sani.”

Isah ya ce, “Ya ce ya sani.” Yana faɗa yana danne dariya, ɗan banza. Ya ƙara da cewa, “Baba, ni fa a biya ni kuɗin tafinta.” Na ce ka ci gidanku.

Ban ce a sa noti ba. Ban kuma ce kada a sa ba.

Talata, 4 ga Yuni

Na ce wa Adama ta auni gero ta dama fura mai yawa, ta yi tuwo, a kai wa mutum goma. Ta ce, “Sadakar me?” Na ce sadaka sai da dalili? Ta ce a’a. Har ta kai ƙofa na ji tana cewa mai jego, “Goma cif ya ce.”

Laraba, 5 ga Yuni

Isah ne ya kawo keken. Bututun an zura masa wani a ciki, an zagaye da jan ƙarfe sumul kamar zobe. Kariyar ta gajarta, noti shida, ƙafafunta a kan ƙarfen tsakiyar taya. Sifok masu kauri, ya ce na tsohon babur ne aka yanke. An gyara birkin gaba. An sa ƙararrawa, wadda ban ce a sa ba. An bar mini fedata ta katako yadda take.

Ya shafa masa koren fenti. Kore! Kamar ƙofar asibiti. Ko tambaya babu.

Na ce wa Isah nawa ne, ya ce an ce in na yi wannan tambayar ya gudu. Ya gudu kuwa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sawu ɗaya gona. Kan keken bai ɗaga ba, na zubar da dutsen kwando. Na taka a hankali saboda gwiwa.

Baffa Jaji ya ce, “Malam, wa ya yi maka wannan aiki haka?” Na buga masa ƙararrawa na wuce.

Asabar, 8 ga Yuni

Kwana talatin da uku. Saura bakwai. Ba a sake fashin wanka ba, mai jego har ta fara yi wa uwarta dariya a tsakar gida. Zinariya ta kama gemuna yau ta ƙi saki. Na ce ja, naki ne.

Adama ta ce itacen marke a bar shi na tuwo, garin ya fi mata sauƙi a wanka, ba ta tsayawa izawa. Maganar mata ce, ban sa baki ba. Da yake ina da hanya ta can, na biya wurin Isah na ɗauro buhu huɗu. Ba nauyi, iska ce kawai. Har yanzu ina nan a kan bakana, shara ce, kuma miji na gari itace yake kawowa.

Kafin nan na biya kasuwa na sayi dabino ƙwarya guda, na garin nan, mai laushi, da tsire na mai jego. A dawowa kayan ya yi mini yawa. Ga buhu huɗu, ga gwiwa. Na sauke dabinon a kan benci a ƙofar shagon, yana ciki yana aiki bai gan ni ba. Isah ya ɗago kai ya ce, “Baba, keken da ya ɗauki rabin bishiya, dabino ne ya gagare shi?”

Na ce ka ce masa kada ya ci da baƙin hannun nan nasa, ya wanke tukuna.